A SAKE KATIN HOTO KO A HAƊA SABUWAR KWAMFUTA?

Duk wanda ya zauna cikin gidan ƙasa ya san shawarar da maigida kan yi da zuciyarsa in damina ta ƙarato. Ya duba soro ya ga ya fara yoyo, sai ya tsaya yana lissafi: yaɓe kaɗai zai isa, ko sai an sake azara, ko kuwa ginin ne ya gaji tun daga tushe har babu abin yi sai a rushe a ta da sabo? To, irin wannan shawara ce ke jiran mai kwamfutar wasa bayan 'yan shekaru. Jiya-jiya na'urar tana gudu lafiya lau, yau an sa mata sabon wasa sai ta riƙa ɗingishi, hoto na tsayawa yana tafiya. Nan da nan mashawarta su kasu biyu. Waɗansu su ce a sayo sabon katin hoto a sa mata, shi ke nan. Waɗansu kuwa su ce wannan ɓarnar kuɗi ce, gara a haɗa sabuwa ɗungum.

Maganar ba ƙarama ba ce ga mai albashi. Kayan nan duka daga ƙasashen waje a ke kawo su, da dala a ke yanka kuɗinsu. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa cikin watan Yuni na 2023, kati guda mai matsakaicin ƙarfi ya kan lashe albashin malami ko akawu na watanni. Sau da yawa kuma na'urar nan da yara ke wasa da ita da dare, ita ce maigida ke shirya darasi ko rubuta wasiƙun ofis da ita da rana. Saboda haka muka ga ya kamata mu warware al'amarin dalla-dalla. Amsar tana rataye ga tambaya biyu: wane sashi ne ke riƙe na'urar, kuma tushen da aka gina ta a kai yana da sauran kwana ko ya ƙare?

RABON AIKI CIKIN NA'URA

Abin da mai wasa ke gani yana motsi, hotuna ne tsayayyu a ke jerawa da sauri, kamar majigi. In ana so motsi ya yi santsi, a kan nemi hoto 60 cikin kowane sakan. Kowane hoto kuwa ma'aikata biyu ne ke haɗuwa su yi shi. Na farko shi ne firosesa, watau ƙwaƙwalwar na'urar. Shi ke lissafin inda kowane abu ya ke, wa ya buga ƙwallo, ina motar ta nufa, me abokin gaba zai yi. In ya gama sai ya miƙa wa na biyu, watau katin hoto, shi kuma ya zana, ya sa launi da haske da inuwa, ya aika wa monita.

Ma'aikatan ofis za su gane wannan da sauƙi. Firosesa kamar babban akawu ne mai shirya daftari, katin hoto kuwa mai buga tafireta. In mai bugun ne ke nawa, takardu sai su taru a gabansa, ran da aka kawo ƙwararre sai aiki ya gudana. Amma in akawun ne ke nawa, ko gwanin duniya aka ɗauko zama zai yi, hannu a haɓa, yana jiran daftari.

Ga lissafin a fili. Hoto 60 cikin sakan, watau kowane hoto yana da wajen kashi 17 cikin 1,000 na sakan ke nan. In firosesa na bukatar kashi 20 kafin ya gama nasa aikin, to, na'urar ba za ta wuce hoto 50 ba ko da an sa mata katin da ya fi kowane tsada. Kuɗin da aka ƙara bisa wannan ya tafi a banza.

Nauyin kati kuma yana bin monita. Monita mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye tana da ɗigo 2,073,600 da za a zana cikin kowane hoto. Mai 2560 da 1440 tana da 3,686,400. Babbar da a ke kira 4K kuwa tana da 8,294,400, ninki huɗu ke nan na ta farkon. Yawan ɗigo kati ya ke wahalarwa, firosesa ba ruwansa sosai. Domin haka mai ƙaramar monita ba ya bukatar ƙaton kati. Daidai ruwa, daidai tsaki.

GWAJI KAFIN A TAƁA ALJIHU

Kada kowa ya sayi kome sai ya yi gwaji biyu, dukansu kuwa kyauta ne. Na farko, a kunna wasan da ke ba da wahala, a cire iyakar da aka sa wa yawan hoto, sa'an nan a duba yadda kati ke aiki. Akwai ma'aunin wannan cikin Windows kanta, akwai kuma wata manhaja ta kyauta, MSI Afterburner, wadda ke nuna alkaluman a kan fuskar wasa. In kati na aiki kusan 100 bisa 100 amma hoto bai kai yadda a ke so ba, lalle kati ne ya gaza. In kuwa yana wajen 60 ko 70 bisa 100 alhali wasa na tsattsayawa, jira ya ke yi, laifin yana wani wuri.

Na biyu ya fi sauƙi. A rage yawan ɗigo da ƙawar wasan zuwa can ƙasa. In yawan hoto ya yi tsalle sama, kati ne ke riƙe na'urar, sabon kati zai yi amfani. In bai motsa ba sai kaɗan, an gano ke nan iyakar firosesan, wannan adadi kuma shi ne abin da za a samu ko bayan an sayi sabon kati.

Mu ja kunne a kan abu guda. Kada a ruɗu da ganin firosesa na nuna 40 ko 50 bisa 100 a ce yana da sauran ƙarfi. Firosesa yana da sassan aiki da dama, bari mu kira su hannuwa. Wasa ya kan ɗora wa hannu ɗaya kaya har ya gaji, sauran suna zaune, jimla kuwa ta nuna kamar babu damuwa. A duba hannuwan ɗaya-ɗaya.

Har wa yau, kafin a yanke wa na'ura hukunci, a buɗe ta a dube ta. Ƙurar hunturu ta kan toshe fankoki, zafin bazara ya ƙara nasa, kati da firosesa kuwa in sun yi zafi da yawa su kan rage gudu da kansu don kada su ƙone. A hure ƙurar, a sake man da ke tsakanin firosesa da abin sanyaya shi. In ram, watau ma'ajiyar da na'ura ke shimfiɗa aikinta a kai, gigabait 8 ne, a kai shi 16. In wasannin suna kan tsohon faifai mai juyawa, a mai da su kan SSD. Na'urori da yawa da aka ce sun mutu, wannan kaɗai su ke bukata.

NA'URA BIYU NA SHEKARA GUDA

Yanzu sai tambaya ta biyu, ta tushe. Tushen kwamfuta shi ne babban faranti, wanda masu gyara ke kira madabod. A kansa a ke dasa kome. Yana da gurbi na firosesa, kowane gurbi kuwa iyalin firosesa guda ya ke karɓa, haka kuma irin ram guda. Domin haka abu uku ɗin nan, faranti da firosesa da ram, ɗaure su ke da igiya ɗaya. Katin hoto shi ne mai 'yanci, ana iya cire shi daga wannan na'ura a kai wata.

Bari mu ɗauki misalin da ya shafi mutane da yawa. Cikin Yuli na 2016 kamfanin Nvidia ya fito da kati mai suna GTX 1060. Ya karɓu ƙwarai, har ya yi shekaru yana kan gaba cikin ƙidayar da kamfanin Valve ke yi kowane wata ta masu wasa a dandalin Steam, sai ƙarshen 2022 aka sauke shi. To, a ce mutum biyu sun haɗa na'ura cikin 2017, kowa da wannan kati. Na ɗaya ya sa firosesan Intel mai suna Core i5-7500, mai hannu huɗu. Na biyu ya sa na AMD mai suna Ryzen 5 1600, mai hannu shida, a kan faranti mai gurbin AM4. A shekarar nan kusan kafaɗa da kafaɗa su ke. Bayan shekara takwas kuwa hanyarsu ta rabu.

Mai Intel, farantinsa ba ya karɓar abin da ya wuce tsara ta bakwai, mafi girmanta kuwa Core i7-7700K ne, shi ma hannu huɗu. Tsara ta takwas da ta fito ƙarshen 2017 sabon faranti ta ke bukata, ko da ya ke yawan ƙafafun gurbin bai sake ba. Daga nan Intel ya sake gurbi cikin 2020, ya sake cikin 2021, ya kuma sake cikin 2024. Mutumin nan hanyarsa ta toshe. In ya sa babban kati, hannuwan nan huɗu za su riƙe shi cikin wasannin zamani.

Mai AMD kuwa ya dace. Kamfanin ya ci gaba da yi wa gurbin AM4 sababbin firosesa shekara da shekaru. Cikin 2022 ya buɗe wa tsofaffin farantan 2017 hanyar karɓar tsarar Ryzen 5000, in an sabunta 'yar manhajar farantin da a ke kira bayos. Cikin Afrilu na wannan shekara aka fito da Ryzen 5 5600, da kuma Ryzen 7 5800X3D wanda ya yi suna ƙwarai wajen wasa. Watau mutumin nan yana iya cire firosesan 2017 ya dasa na 2022, ram ɗinsa na nan, farantinsa na nan, ya ƙara sabon kati, ya sami na'ura mai ƙarfi da kuɗin sassa biyu kaɗai. Sai dai ya fara duba jerin da maƙerin farantinsa ya buga, ya tabbata nasa na ciki, kuma ya sabunta bayos tun tsohon firosesan na kai, a lokacin da ya tabbata wuta ba za ta ɗauke ba. In wuta ta yanke ana tsakiyar wannan aiki, farantin na iya mutuwa, ya zama gyaran gangar Auzinawa.

Akwai kuma wata matsala da ta zo daga waje. Ran 14 ga Oktoba, 2025, kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 irin kulawar da ya saba. Windows 11 kuwa tana da sharuɗɗa: tana neman makullin tsaro mai suna TPM 2.0, kuma jerin firosesan da ta yarda da su ya fara ne daga tsara ta takwas ta Intel da tsarar Ryzen 2000 ta AMD, ban da 'yan kaɗan. Mutanen nan namu biyu duka suna waje. Amma mai AMD da ya sake firosesa ya shiga ciki, mai Intel kuwa ba shi da ƙofa sai sabon faranti. Ga na'urar da a ke ajiye takardun ofis ko sakamakon jarrabawar yara a ciki, zama ba tare da gyaran tsaro ba ganganci ne.

IN KATI ZA A SAYA

A ce gwaji ya nuna kati ne ya gaza, tushe kuma na da sauran kwana. To, akwai abu huɗu da za a duba kafin a biya.

Na farko, ramin da kati ke shiga. Sunansa PCI Express, an kuwa yi shi yadda sabon kati zai shiga tsohon rami ya yi aiki. Galibi hasarar gudu kaɗan ce. Amma waɗansu katunan masu araha an rage musu layukan sadarwa. RX 6500 XT na Janairu 2022 layi huɗu gare shi maimakon 16, a kan tsohon faranti kuwa ya kan shaƙe. Katunan Intel Arc kuma, irin su B580 na Disamba 2024, suna bukatar wata dabara da a ke kira Resizable BAR, wadda tsofaffin na'urori da yawa ba su da ita. Araha ba ta ado.

Na biyu, wuta. GTX 1060 wat 120 ya ke ci. RTX 4060 na 2023 ya fi shi ƙarfi nesa, amma wat 115 ya ke ci, saboda haka tsohon akwatin wuta mai kyau zai ɗauke shi. RTX 4090 kuwa wat 450 ne, RTX 5090 na Janairu 2025 wat 575, har maƙerinsa ya ce a nema masa akwatin wuta mai wat 1,000. In aka yi awa huɗu ana wasa, katin 115 bai ci rabin yunit ba, na 575 kuwa ya wuce yunit biyu, ban da sauran na'urar. Wanda ke dogara ga ƙaramin janareto ko inbata ya yi wannan lissafi tun da wuri. A tuna kuma cikin 2022 an sami labarin filogin manyan katunan nan na narkewa, galibi inda ba a tura shi ya shige sosai ba. Akwatin wuta marar asali shi ne abin da bai kamata a yi rowa a kansa ba, domin in ya tashi mutuwa ya kan tafi da maƙwabtansa.

Na uku, tsawo. Waɗansu katunan sun wuce santimita 30. A auna cikin akwatin na'urar da ma'auni kafin a tafi kasuwa.

Na huɗu, ma'ajiyar da ke jikin katin kansa. Ba a iya ƙara ta daga baya, abin da aka saya shi ke nan. Gigabait 8 yana isa ga wasanni da yawa a kan ƙaramar monita, amma sababbin manyan wasanni sun fara cika shi, in ya cika kuwa sai tsattsayawa ta dawo. RTX 5060 Ti da RX 9060 XT na 2025 kowannensu iri biyu ne, mai gigabait 8 da mai 16, suna ɗaya. A karanta kwali da kyau. Wanda ke nufin riƙe katinsa shekara huɗu ko biyar, a ganinmu ya nemi mai 12 ko 16.

Mai tsohon kati irin GTX 1060 ya san kuma lokaci na matsa masa ta wani gefen. Tun 2018 aka shigo da dabarar bin sawun haske cikin katuna, da farko ado ce kawai. Amma wasan Indiana Jones and the Great Circle na Disamba 2024 da Doom: The Dark Ages na Mayu 2025 ba su tashi sam sai da katin da ke da ita. Cikin Oktoba 2025 kuma Nvidia ya daina yi wa wannan tsara sabuwar manhajar da ke daidaita kati da sababbin wasanni, saura gyaran tsaro kaɗai. Amma wanda wasansa tsoho ne, yana kuwa tafiya lafiya, wannan duka bai shafe shi ba.

IN SABUWA ZA A HAƊA

Ga ƙa'idar da mu ke ba da shawara a bi. A ɗauki takarda a rubuta sassa bakwai: kati, firosesa, faranti, ram, akwatin wuta, ma'ajiya, da akwatin na'urar. A sa alama gaban duk wanda tilas a sake. In alama ɗaya ce ko biyu, gyara ne. In alama ta hau kan faranti, ta hau kan firosesa ke nan, galibi har da ram, domin gurbin AM5 na 2022 da gurbin Intel na 2024 ba su karɓar tsohon ram na DDR4, sai DDR5. In aka haɗa da kati sun zama huɗu, sabon gini ya tabbata, ko da an kira shi gyara.

Amma sabon gini ba zubar da kome ba ne. Akwati, da SSD, da monita, da allon rubutu, da akwatin wuta in mai kyau ne kuma bai tsufa ba, duk suna ƙaura zuwa sabuwar na'ura. Wanda kuma aljihunsa ba zai ɗauki kome gaba ɗaya ba yana iya raba tafiyar zango biyu. Ya fara sayen kati, tun da shi ne mai ƙaura, ya sa a tsohuwar na'ura ya ɗan sami sauƙi, in Allah ya hore ya sayi sauran ukun. Sharaɗin dai shi ne zango na biyu ya kasance kusa. Kati ba ya ƙara daraja a ajiye, in aka yi shekara biyu ana jira, an biya kuɗin ƙarfin da ba a mora ba.

Kasuwa ma tana da nata lokaci. Cikin 2020 da 2021 katuna sun yi wuya, saboda annobar korona da masu haƙar kuɗin intanet da suka riƙa kwashe su. Da Ethereum ya bar wannan hanya cikin Satumba 2022, sai katunan gwanjo suka cika kasuwa, farashi ya sauko. A ƙarshen 2025 kuwa ram ne ya yi tashin gwauron zabo, domin manyan rumbunan kwamfuta masu aikin ƙirƙirarriyar basira sun janye abin da masana'antu ke yi. A irin wannan lokaci wanda ke iya riƙe tsohon ram ɗinsa ya ci riba. Darasin shi ne a tambayi kuɗin sassan duka a rana guda kafin a yanke shawara, kada a dogara ga farashin bara. In katin gwanjo za a saya, a sa mai shi ya kunna shi a gabanka, a bar wasa na tafiya kamar rabin awa, ana duban zafinsa da fankokinsa. Wanda ya ƙi a gwada, a bar masa kayansa.

Daga ƙarshe muna roƙon iyaye da malamai, in yaro ya zo da kukan na'ura ta tsufa, kada a ce masa i ko a'a nan take. A ba shi takarda da alkalami, a sa shi ya yi gwajin nan biyu, ya rubuta abin da ya gani, ya nemo sunan farantinsu da abin da ya ke karɓa, ya kawo lissafin kuɗin hanya biyun. In ya kawo, a zauna a duba tare. Ko da ba a sayi kome ba ya koyi auna abu kafin ya kashe kuɗi a kansa, wannan kuwa ilmi ne da zai yi masa amfani a kasuwa da ofis da gona. Sauri ya haifi nawa. Allah ya sa mu dace.